Ranar da Baffan Abokina Ya Sa Na Warware Masa Waƙa

Shekarun baya, lokacin da aka fara turo ni Keffi koyar da Hausa a wata sakandare, ban san kowa a garin ba. Na kama ɗaki ɗaya a wajen Jigwada, daga ni sai katifa da risho da kwalin littattafai, ina jin kaina wani babban masanin adabi alhali ko tawadar takardar digirina ba ta gama bushewa ba. Mutum na farko da ya ja ni a jiki shi ne malamin lissafin makarantar. Ɗan gari ne, siriri, ba ya cika magana a ɗakin malamai. Na daɗe ina zaton ba ya son mutane, sai rannan ya tarar da ni ina duba aikin waƙa na ɗalibai, ya tsaya a kaina ya karanta wani baiti, ya ce, "Malam, karanta wannan da ƙarfi ka ji. Ɗingishi yake yi." Na karanta, na ji kuwa yana ɗingishi. Daga nan muka ƙulla.

Ashe yana rubuta waƙa tun yana kwaleji, bai dai cika nuna wa kowa ba. Sai ya zama kullum bayan la'asar muna haɗuwa a bakin titi, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, inda wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mada take gasa doya da masara. Mama muke ce mata. Mu zauna a bencinta, muna kallon motocin da ke dawo da ma'aikata daga Abuja, shi yana karanto abin da ya rubuta, ni ina feɗewa. Yakan ce ni mahauci ne: ya kawo mini akuya tana tafiya da ƙafarta, in mayar masa da ita kashi-kashi, ga hanta ga tumbi, kowanne da sunansa. Ni kuma in ce ai da ba don mahauci ba da bai san akuyarsa tana da hanta ba. Haka za mu yi ta yi har a kira magariba. Ban taɓa jin daɗin zama da wani mutum kamar yadda na ji daɗin wannan zaman ba.

Wata rana da damina, an ɗauke ruwa ke nan, ya zo bai ko taɓa doyar da na saya mana ba. Ya ce akwai wata sabuwa. Bai fito da takarda ba, da ka ya kawo ta, idonsa a kan titi. Tana da ɗan tsawo, amma waɗannan baitocin su ne suka zauna mini:

Tabon goshinsa ya yi baƙi ƙirin,
Ya fi tukunyar maƙwabci, ta manta wuta.

Shi a sahun gaba yake kukan tsoronta,
Maƙwabci na addu'ar gidansa a hura wuta.

Zaure guda suke fita da asuba,
Katanga guda ta raba hayaƙi da rashin wuta.

Ranar da maƙwabci ya daina jin yunwa,
Rannan aka jera manyan tukwane bisa wuta.

Na ci shinkafar rannan har na ƙara,
Ya Rabbi, ni da shi, ka tsare mu daga wuta.

Ni kuwa kafin ya rufe baki na zaro wuƙata. Na ce masa dubi yadda ka haɗa tabon salla da gindin tukunya, abu biyu da baƙinsu ke nuna ana aiki da su, sai ka sa wanda ya kamata ya fi baƙi ya zama shi ne fari. Na ce ka ba tukunya hankali har tana mantuwa. Na ce kalmar wuta da kake rufe kowane baiti da ita fuska biyu gare ta, ɗaya mutum yana gudunta, ɗaya yana roƙonta, kuma duk Ubangiji ɗaya suke kira. Ina ta zuba, yana ta gyaɗa kai. Mama da take juya masara a kan gawayi ta ce, da irin Hausarta, "Wannan mutum da kuke faɗa, yana zuwa cocinmu. Shi ne yake zama a gaba." Muka yi dariya. Wato ni da Mama muka yi. Sai daga baya na tuna shi murmushi kawai ya yi.

Da azumi ya zo, matasan unguwarsu suka shirya wani ɗan taro na karatu da waƙe, suka matsa masa ya karanta wani abu. Ya karanta wannan. Wani ya ɗauka a waya, kafin Salla ta zagaye gari. Sai ka ji ɗan okada ya wuce yana rera baitin tukunya. Waƙar ba ta da suna, mutane suka sa mata waƙar tukunya. Da a nan abin ya tsaya da lafiya. Amma mutane ba sa barin waƙa haka kawai, sai sun nemo mata mai ita. Nan da nan aka fara raɗe-raɗin cewa abokina da baffansa yake.

Baffan nan ƙanin mahaifinsa ne. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, yana sayen masara da riɗi da agushi daga ƙauyukan wajen Gitata da Nasarawa yana lodawa kudu. Ba ya rasa sahun farko, yana da tabon salla, kuma duk azumi ana layi a ƙofar gidansa karɓar sadaka. Shi ya riƙe abokina bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya ɗauki nauyin karatunsa tun daga firamare. Iyakar abin da na sani ke nan a lokacin. Na kuma san mahaifiyar abokina ta rasu kafin in zo garin, amma bai taɓa ba ni labarinta ba, ni kuma ban tambaya ba.

Abin ya zo a mummunan lokaci, don abokina yana neman aure. An gama magana tsakaninsa da yarinyar, saura manya su je tambaya, kuma baffan ne zai ja gaba. Sai baffan ya yi shiru. Bai ce ba zai je ba, bai kuma sa rana ba. Iyayen yarinya suka fara tambayar ko lafiya, ga wani manemin a gefe yana jira. Abokina ya je gaishe shi, baffan ya amsa gaisuwa ya ci gaba da jan carbinsa. Abokina ya rame a 'yan makonnin nan har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baffan ya tsayar da ni da kansa. Ya ce, "Kai ne malamin Hausa, abokin yaron nan?" Na rusuna na ce ni ne. Ya ce, "An ce kai ka san kan waƙa. Ka zo gida gobe da hantsi, ina so ka karanta mini wata."

Na gaya wa abokina. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan fagena ne. Zan nuna wa dattijon cewa waƙar ba zambo ba ce, don zambo shi ne a siffanta mutum yadda kowa zai gane shi, wannan kuwa wa'azi ne da aka yi wa kowa da kowa. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "To, Malam. Allah ya ba da sa'a." Har shiri na yi kamar mai zuwa kare kundin digiri. Na goge babbar rigata ɗaya tilo, na jera hujjojina a ka.

Na same shi a zauren gidan, a kan darduma, da rediyo a gefe a kashe. Tsohon gida ne na gado, an yi masa siminti da fenti, amma zauren na nan yadda yake tun na da. Aka kawo mini kunun aya. Bayan mun gaisa ya ce, "Na ji ta a waya, amma da hayaniya. Karanta mini a hankali. Duk inda na ce ka tsaya, ka tsaya ka gaya mini abin da ake nufi."

Na fara. A baitin farko ya ɗaga hannu. Na yi masa bayanin kamance, na ce mawaƙi yakan ɗauko abu biyu da ba su da dangantaka ya gwama su don mai sauraro ya ga abin da bai saba gani ba. Na ce, "Alhaji, masu tabon salla a garin nan ba su ƙirguwa. Ni kaina ga nawa yana fitowa." Ya ce, "Haka ne. Ci gaba."

A baiti na biyu na baje kolin fuska biyu na kalmar wuta. Ya saurara sosai, har ya maimaita baitin da bakinsa, ya ce, "Yaron yana da kai." Na ji ƙarfin gwiwa. Na ce a raina an gama.

Da na zo baitin zaure, na gyara zama, don a nan na ajiye babbar hujjata. Na ce wannan shi muke kira alamtarwa, wato a ambaci ƙaramin abu ana nufin babba. Zaure a nan addini ne, ko ma duniya baki ɗaya: ƙofa ɗaya muka shigo, ƙofa ɗaya za mu fita, mai shi da marar shi. Katanga kuwa ita ce abin da dukiya ke ginawa tsakanin mutane. Na ce, "Ka ga ke nan, Alhaji, ba wani gida ake nufi ba." Har yau idan na tuna yadda na ji daɗin wannan bayanin, kunya takan kama ni.

Ya ce in ƙarasa. Na karanta baitin manyan tukwane, na karanta na ƙarshe, na nuna masa yadda mawaƙin ya yi ta cewa "shi, shi", sai a ƙarshe ya juyo ya ce "ni da shi". Na ce wanda ke son ya ci mutuncin wani ba ya sa kansa a cikin laifin, ba ya kuma rufewa da yi masa addu'a. Wannan kam na faɗe shi da gaskiyata, kuma har yanzu ina kan bakana.

Ya daɗe yana kallon darduma. Can ya ce, "Maƙwabcin nan, namiji ne ko mace?"

Na ce namiji ne mana, ai ga shi an ce "ya daina jin yunwa".

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Ba namiji ba ne, Malam. Ya dai sauya ne don ya rufa mini asiri, ko ya rufa mata. Matar wana ce. Uwar abokinka." Ya nuna wata ƙaramar ƙofa a hannun hagu na zauren, wadda tun da na zauna ban ko kula da ita ba. "Sashensu ke nan. Yanzu buhunan riɗi ne a ciki. Zauren da kake cewa duniya ne, ga ka zaune a cikinsa."

Ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na ɗauki kofin kunun ayan na mayar na ajiye.

Ya ci gaba da magana, kamar ba da ni yake ba. Ya ce da wansa ya rasu, ya ɗauki yaron ya haɗa da 'ya'yansa, tare suke ci, tare suke zuwa makaranta, sai ya ga kamar ya sauke nauyi. Ita kuwa ta ce ba za ta sake aure ba, za ta zauna kusa da ɗanta. Ya ɗauka ana miƙa mata abinci daga cikin gida, cikin gida kuma sun ɗauka yana ba ta na cefane. Ya ce, "Ko sau ɗaya ba ta taɓa roƙona ba. Kullum na fito za ta gaishe ni, in ce ya gida, ta ce lafiya lau. Ni kuma in wuce masallaci." Sannan ya ce, "Sadakar bakwai ɗinta kuwa, sa na yanka. Mutane sun daɗe suna maganar shinkafar."

Na yi ƙoƙarin in ce wani abu, na ce Allah shi ne masanin niyya. Ya ce, "Shi ne." Sai ya tambaye ni, "Tsakaninka da Allah, a ilminku, waƙar ta yi kyau?" Na ce ban taɓa jin wadda ta fi ta daga bakin wani mai rai ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da ya same ni a ɗaki ya faɗa mini, ko zagina ya yi, da na fi so. Yanzu yaran da na ba iyayensu hatsi su ke rera mini ita a hanya." Ya ɗauki carbinsa. "Ka ce masa sati mai zuwa za mu je tambayar. Ɗan wana ne. Wannan ba ya canzawa."

Na fito ta wannan zauren ina jin rigata ta yi mini nauyi.

Da la'asar na sami abokina a wurin Mama. Yana ganina ya miƙe. Na gaya masa saƙon baffan tukuna, don na san shi yake jira. Ya koma ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci. Sannan na ce, da ɗan fushina, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ka bar ni na je ina yi wa mutum lacca a kan zaurensa."

Ya ce, "Da na gaya maka, da tausayina za ka ji, ba za ka saurari waƙar ba. Ni kuma ina so in san ko ta tsaya da ƙafarta."

Rannan ne ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Ya ce idan lokacin cin abinci ya yi takan ce masa, "Je ka wurin 'yan'uwanka, ni na riga na ci." Shi kuma ya ruga. Yana yaro yakan yi alfahari da cewa tukunyar uwarsa ta fi ta kowa haske a gidan, don takan goge ta da toka da yashi har ta yi ƙyalli. Sai da ya girma ya gane cewa takan kwana biyu, uku, tana ƙyallin nan. Kitso take yi wa mata da ɗan saƙa, abin da ta samu ta saya masa sabulu da takalmi. Ta rasu yana shekarar ƙarshe a kwaleji, saura kaɗan ya fara ɗaukar albashi. Ya ce, "Ko mudu ɗaya na shinkafa ban taɓa saya mata ba. Kuma ranar sadakar, wallahi yunwa nake ji, na ci har na ƙara. Ba salo ba ne, Malam. Haka aka yi."

Na tambaye shi ko yana so baffan ya gane. Ya ce tun da na tafi da hantsi yake addu'a iri biyu. In ya roƙi Allah ya sa in yi nasara in rufe maganar, sai ya ji wani abu a ransa yana so in kasa. "Yanzu ga shi ka kasa, kuma ban ji daɗin da na zata ba." Mama ta turo mana masara biyu ba tare da mun tambaya ba, ba ta kuma karɓi kuɗinsu ba.

An je tambaya, an ɗaura aure, baffan ya yi duk abin da uba ke yi. Bai sake ta da maganar ba, abokina ma haka. Abu ɗaya da mutane suka lura da shi, dattijon ya bar sahun farko, ya koma salla a can gefe kusa da ƙofa. Wasu suka ce kunya ce, wasu suka ce ciwon gwiwa ne ya sa yake son wurin da zai miƙe ƙafa. Ni ban sani ba, kuma na riga na koyi kama bakina a kan abin da ke cikin zuciyar wannan mutumin.

Abokina bai daɗe a Keffi ba bayan auren. Ya ce garin ya yi masa ƙunci, duk inda ya bi ana nuna shi, wasu da yabo wasu da tsinuwa. Ya nemi canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Nasarawa, daga baya ma ya bar koyarwa ya kama noma. Ya kuma daina waƙa. Na yi lallashi, na yi gori, na aika masa da baitocin wasu don in tsokano shi. Ya ce, "Abin da nake da shi na faɗa ke nan. Duk waɗanda na rubuta kafin ita hanya nake nema zuwa wurinta." Baffan ya rasu bayan wasu shekaru, abokina na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Mangwaron nan an sare shi da aka zo faɗaɗa titi, Mama kuma 'ya'yanta sun mayar da ita gida.

Ni ina nan ina koyarwa. Har yanzu ina koya wa yara kamance da alamtarwa da amsa-amo, kuma ban raina su ba, don da ba don sauya "shi" zuwa "ni da shi" ba, ina jin da dattijon nan bai buɗe bakinsa ba rannan. Amma na daina saurin cewa abu alama ce. Idan mawaƙi ya yi maganar yunwa, nakan fara ɗauka cewa wani ne ya kwana bai ci ba, kuma yana da suna, kafin in tafi neman ma'ana mai zurfi. Haka in ya yi maganar munafunci, nakan duba ko ya bar wa kansa wuri a cikin layin masu laifi. Waɗanda suka bari su na fi yarda da su.

Abin da ban samu madadinsa ba shi ne abokin zama. Na yi abokai da yawa a garin nan, na yi aure, na gina ɗan gidana, amma ban sake samun wanda zan yi awa guda da shi muna gardama a kan kalma ɗaya ba. Mukan yi waya jifa-jifa, mu yi maganar yara da tsadar taki da ciwon baya. A daminar da ta wuce na kira shi, ruwa ya yi jinkiri a wajensu, na tambaye shi ya gona. Ya ce, "Masara ta naɗe ganye tana jiran sama, kamar mai jiran baƙon da ya ce yana hanya."

Na ce, "Ka san wannan ɗangon waƙa ne ko?"

Ya yi dariya ya ce, "Ka bar ni, Malam, na tsufa." Muka yi sallama. Ya manta bai kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Ina jin takunsa a cikin gona, ina jinsa yana maimaita maganar ƙasa-ƙasa, ya cire kalma ɗaya, ya mayar da ita, ya sake cirewa. Na tsaya a tsakar gida da waya a kunne, ban ko yi tari ba, har katina ya ƙare.